Ƙofa Ta Biyar

Ranar Asabar ɗin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, wata 'yar ƙaramar mota otomatik ta toshe wani lungu a cikin birnin Kano, can cikin unguwannin da ke tsakanin Kasuwar Kurmi da gindin Dala. Ba gaba ba baya, ko akuya ba ta samu inda za ta raɓa ta wuce ba. A cikin motar akwai katan-katan na lemo, da bokitin cincin, da kwallar alkaki, da wani magidanci sanye da babbar rigar shadda da ta sha sitaci. Magidancin shi ne mai rubuta wannan shafi. Har yau bakinsa ya kasa furta "ni" a kan maganar, don haka masu karatu su yi haƙuri mu riƙa ce masa gogan naku.

Abin da ya kai shi neman ƙaramar mota shi ya kai kowa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Motoci masu silinda shida suka koma kayan ado a ƙofar gida, an lulluɓe su da tamfol, sai ranar Juma'a a kakkaɓe musu ƙura. Ga kuma gwiwa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 'yan Adaidaita Sahu suka gaje titi, kuma duk wanda ya taɓa bin Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari da yamma a mota mai kuloci ya san ƙafar hagu ce ke biyan harajin gosulo. Taka, saki, taka, saki, har mutum ya isa gida yana ɗingishi. Bukatar gogan naku ke nan: mota guntuwa mai yankakken baya, mai shan mai kaɗan, wadda za ta riƙa canza wa kanta giya.

Kasuwa ba ta rasa su ba. A wuraren dillalan titin Gidan Zoo da titin Zariya akwai Toyota Yaris, wadda aka fara ƙerawa a 1999, da 'yar'uwarta ta Japan mai suna Vitz. Akwai Honda Jazz ta 2001 zuwa sama, da Kia Picanto, da Hyundai i10, da Nissan Micra, da Fijo 206, galibinsu injin lita 1.0 zuwa 1.5. Sama da su kaɗan akwai Pontiac Vibe, wadda 'yan Arewa suka ƙi saki duk da an daina ƙera ta tun 2009, don sun gano Toyota Matrix ce aka canza wa suna. Sai dai injinta daga 1.8 ya fara, ya fi ƙarfin aljihun da muke magana a kai. Inda gizo ke saƙa shi ne otomatik ɗin. Wadda ta zo daga Turai, 'yar Beljiyam, yawanci mai kuloci ce, don Turawan can sun daɗe suna son jan giya da hannu. Ta Japan otomatik ce amma sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma bin hannun dama da sitiyari a hagu, sai an kai ta wurin masu juyi an farke dashbod an mayar, kuma ba kowane juyi ne ke tafiya daidai ba. Ga batun takardu: daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu, hanyar nan ta Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya da ta ciyar da gidaje da yawa. Duk 'yar Kwatanon da aka nuna maka, kafin ka tambayi shan manta, tambayi takardar kwastan.

Bakanikensa na Ƙofar Ruwa ya yi masa karatu mai kyau. Ka zaro sandar man giya ka duba, ja ne garau ko ya yi baƙi yana ƙauri. Ka taka birki ka mayar da ita daga D zuwa R, ka ji ko tana jinkiri ko tana zabura. In Jazz ce ka sani galibi giyarta CVT ce, mai bel maimakon haƙora, manta daban ne, wanda ya ɗura mata na gama-gari ya fara tara kuɗin wata giyar. Ka kunna esi tana tsaye, don zafin Afrilun Kano, lokacin da ma'auni ke haura 40, shi ke tona asirin ƙaramin inji. Ka leƙa ƙarƙashinta ka ga tazararta da ƙasa. Duk gogan naku ya rubuta a waya. Ba wanda ya ce masa ya auna faɗi.

Wadda ta kwanta masa a rai ba za a faɗi sunanta a nan ba, don ba ta da laifin komai. Ruwan toka ce, fes da ita. Dillalin ya zagaya ta yana bubbuga ta da tafin hannu. "Alhaji, wannan ba ta san gidan mai ba, ɗaga musu hannu kawai take yi ta wuce. Ko'ina za ta shiga. Ga ta ƙofa biyar." Gogan naku ya ƙirga ya ga huɗu. Dillali ya ɗaga murfin baya gaba ɗaya da gilashinsa, ya ce ga ta biyar nan, haka masu ita suke lissafi. Gogan naku ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wace irin ƙofa ce wannan da ba mai bi ta cikinta.

Saboda sanayya dillali ya ba shi makulli ya je ya gwada ta zuwa magariba. Yana fita uwargida ta kira: yau ake kawo lefen ƙanwarta, kayan tarbar baƙi suna gida, tunda ga mota ya taimaka ya kai gidansu cikin gari kafin dangin ango su iso. Ya biya ya loda kaya, ya zura babbar riga don gidan surukai ba a zuwa a yamutse, ya shigo ta Ƙofar Mata, ya wuce marina da Asibitin Murtala, esi na busawa, ƙafar hagu ta samu hutun da ta manta da irinsa. Har ya fara tausayin masu kuloci.

Cikin birni dai ba don taya aka gina shi ba. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma lungunan da suka kewaye kasuwar daidai jaki da mangalarsa aka yanka su, ko raƙumin Azbinawa da gishirin Bilma. Baturen Jamus Heinrich Barth ya zaga garin a kan doki a 1851, bai maƙale ko'ina ba. Daga baya an fasa tituna, an buɗe Sabuwar Ƙofa a 1937 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a namu zamanin an yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Amma da ka bar kwalta ka karya cikin unguwa ka koma ma'aunin Rumfa, shi ma an yi masa ragi. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe, kwata ta ci gefe, turken lantarki ya tsaya inda ya ga dama. Gogan naku ya san duk wannan, a cikin ganuwa aka binne cibiyarsa. Shekara da shekaru a bakin titi yake ajiye tsohuwar motarsa ya taka da ƙafa zuwa gidan surukai.

Sai dai ranar ga kaya, ga rana, ga maganar dillali tana masa amo a kunne. A gabansa kuma wani ɗan Adaidaita ya karya cikin lungun ya shige abinsa yana jin waƙa. Gogan naku ya ce a ransa, ai tawa ma ƙarama ce. Ya bi shi.

Lissafin bai zo masa ba sai da dare, yana kwance barci ya ƙi. Keken Bajaj faɗinsa mita 1.3 ne. Picanto ta farko, wadda ke cikin sirara a ajin, ta kusa 1.6. Yaris ta farko 1.66. Tsohuwar Fijo 504 da ake gani ƙatuwa 1.69 ce, wato santimita 3 kacal ta ɗara Yaris a faɗi, duk da ta fi ta tsawo da kusan mita guda. Ƙaramar mota a tsawo aka rage ta. Lungu kuwa ba ruwansa da tsawonka, ƙugu yake aunawa, kuma madubai ba sa cikin waɗannan alƙaluman.

Lungun ya karɓe shi da fara'a, sannan ya fara tsukewa. Ya sauke gilashi ya naɗe madubin hagu, wani yaro ya naɗe masa na dama. Can sai ga ɗan akuya ya yi tsalle daga wani soro. Ƙafar da ta shekara da shekaru tana taka kuloci ba ta san an yi mata ritaya ba: ta tashi da kanta ta nemi abin takawa, ta samu birki, ta take shi har ƙasa. Mota ta kafe. Goshin gogan naku ya danna hon, hula ta faɗa ƙarƙashin kujera, lemo ya yi ƙara a baya. Cikin ruɗewa ya murɗa makulli ya kashe ta don ya numfasa. Da ya numfasa ya sake murɗawa. Fitilun dashbod suka kawo reras, inji ko tari. Ya ja makullin, ya ƙi fita.

A nan Baba ya shigo labarin. Dattijo ne mai farin gemu, yana zaune a kan dakalin da ke gaba kaɗan ta hannun dama, da rediyo da ɓarin goro, kuma tun shigowar motar yake binta da idon wanda ya riga ya san ƙarshen zancen. Ya miƙe a hankali ya saɓa riga.

"Sannu yaro. Batir ne."

"Baba, ai fitila na kawowa. Hon ma kun ji shi."

"Hon daban, batir daban. Ni da kake gani na ja Fijo tun tana fitowa daga Kakuri da ledarta. Sa ta a giya biyu, yara su tura, in ta ɗau gudu ka saki kuloci."

Da motar ba ta da giya biyu da an tsira. Amma tsofaffin otomatik da yawa a ƙarƙashin D akwai 2 akwai L, don hawan tudu da gangara. Gogan naku ya duba ya ga 2 ɗin nan ɓaro-ɓaro, ƙimar Baba ta ƙaru a idonsa. Ya ja sanda ya sa ta a 2.

Mota otomatik ba ta tashi sai sandar giya na kan P ko N. Da gangan aka yi ta haka, don kada ta tashi ta zabura kan mutane. Makulli ma ba ya fita sai a P. Gogan naku a D ya kashe ta, iyakar ciwon ke nan. Turi kuma ba ya tayar da ita, don tsakanin inji da taya mai ne ke kai saƙo, famfon man kuwa ba ya aiki sai inji na juyawa. Ko Kano gaba ɗaya za ta taru ta tura ta har Wudil ba za ta ce uffan ba. Abin da kawai turi zai yi shi ne ya matsar da ita gaba.

Ya kuwa matsar. Almajirai da samarin unguwa suka dafa baya, Baba ya haye kan dakali yana ba da umarni. "Ku tura! Saki kuloci, yaro! Saki mana!" Gogan naku yana ta lalube da ƙafar hagu a inda babu komai. Mota ta gangara salin-alin ta shige daidai inda dakalin Baba ya fuskanci katangar maƙwabcinsa, aka ji ƙiii ta dama, aka ji ƙiii ta hagu, ta tsaya. Ya gwada ƙofarsa, ta buɗe yatsa biyu ta daki bango. Ya miƙa ya gwada ta dama, dakali ya ce ina. Na baya ma haka.

Baba ya sunkuyo ta taga. "Ba ka saki da wuri ba."

Lungu ya rabu biyu, 'yan gaba da 'yan baya, ana magana ta saman rufin mota. A gaba akwai mai kurar ruwa da jarkokinsa, da mai tallan yalo, da wani mai babur ɗauke da buhu. Yara suka gano ta kan bonet da rufi ma hanya ce, suka fara zirga-zirga. Shawara ta yi arha. Wani ya ce a kira KAROTA su zo da janwe. Hukumar dai tun 2012 take fama da titunan Kano, amma da aka tambaye shi ta ina janwen zai shigo sai ya yi shiru. Wani ya ce a ɗaga ta da hannu tunda ba ta da nauyi, aka rasa inda masu ɗagawar za su tsaya. Wani ya ce ya fito ta taga, tumbi da taga suka dubi juna aka bar maganar. An kira dillali, waya a kashe.

Duk waɗannan 'yan koyo ne a gaban Baba. Baba ya ce a sace iskar tayoyi. Wani ɗan makaranta ya ce, "Baba, ai wannan tsayinta zai rage, ba faɗi ba." Baba ya dube shi sama da ƙasa. "In iska ta fita nauyi ya ragu. In nauyi ya ragu jiki ya saki. Kai ka taɓa jan mota?" Allah ya taimaka ba a samu hanyar kaiwa ga tayoyin ba. Sai ya ce a buɗe bonet a tsotsi kafireta. 'Yan gaba suka buɗe suka yi ta nema, motar ba ta da kafireta, injekta gare ta. Baba ya ce to shi ya sa. Daga nan ya aika cikin gida a kawo man gyaɗa a shafa wa katanga. Ɗan aike ya dawo ya ce Hajiya ta ce a tambaye shi ko ya san nawa ake sayar da kwalba yanzu.

Tsakani da Allah gogan naku ya fara jin daɗin Baba. Esi ya mutu tare da inji, sitacin shadda ya narke ya manne a gadon baya, amma akwai wata natsuwa a sauraron mutumin da duk shawarar da ta faɗi ba ya waiwayarta, sai ya zaro wata. Da za a bar su su biyu, da sun kai magariba lafiya.

Sai aka ji guɗa.

Dangin ango ne. Su da suke baƙi sun yi hankalin ajiye motocinsu a bakin titi, suka ɗauko akwatuna a ka, jere, ga leshi ga atamfa ga ƙamshin turaren wuta, suka shigo lungu suka ci karo da bayan mota. Wata babbar mace, da gani gwaggon ango ce, ta ce, "Wane ne wannan ya tare hanyar alheri?" Baba ya ce, "Ku yi haƙuri Hajiya, baƙo ne, bai san gari ba." Gogan naku, haifaffen cikin ganuwa, ya sunkuyar da kai ya karɓi baƙuncin hannu bibbiyu, yana addu'ar a tashi a haka. Sai wani yaro daga gidan surukai, wanda aka aiko ya ga abin da ya tsare lemo, ya tako ta kan bonet ya manna fuska a gilashi ya ƙwala: "La! Mijin Yaya ne! Wallahi mijin Yaya Babba ne!"

Baba ya yanke hukunci. "Fito ka ba masu abin wuri. Ku buɗe but."

Aka ɗaga murfin baya, aka sauke lemo, aka miƙa cincin. Alkakin ne aka manta, yana kan kujerar baya. Gogan naku ya waiwaya ya dubi hanyar: tsakanin kujeru biyun gaba, ta kan birkin hannu, ta kan kujerar baya, sannan waje, inda mata ke tsaye da akwatuna a ka ba abin da suke kallo sai wannan ramin. Ya tsaya shawara da zuciyarsa, kai zai fara fitarwa ko ƙafa. Baba ya warware masa. "Da baya ake sauka daga mota, yaro. Ƙa'ida ce."

Babbar riga an yi ta ne don a tsaya a saɓa ta a kafaɗa, ko a zauna a baza ta. Ba telan da ya taɓa ɗinka ta don rarrafe. Ya juya ya durƙusa a kan kujera, ya tura ƙafar dama baya, hannun rigar ya sarƙe a sandar giya. Ya ja, wuyan rigar ya haɗiye kansa. Gwiwarsa ta sauka a cikin wani abu mai laushi da danƙo. Ya ci gaba da ja da baya a makance, riga na tattaruwa tana hawa, tana hawa, har ta taru gaba ɗaya a wuya da ka, sauran jiki kuma na fita duniya a hankali. Abin da dangin ango suka fara gani na gidan da za su haɗa zuri'a da shi, ƙafa ce guda ba takalmi tana lalube a iska. Sai ta biyu. Sai wando, mazagi na reto, ga tambarin alkaki a gwiwa. Sai singileti. A nan ya tsaya, don rigar ta ƙi sakin sandar giya, rabinsa a waje rabinsa a ciki, ƙafafu ba su kai ƙasa ba.

Lungu ya yi tsit. Rediyon Baba kaɗai ke magana, ana karanta farashin hatsi a Dawanau.

Samari biyu suka kama ƙafafun suka ja. Wani abu ya ce ɓarrr. Gogan naku ya dira a lungu a zaune, kansa a cikin shadda. Kafin ya gano inda wuyan rigar yake, wata tsohuwa daga cikin 'yan lefe ta ce cikin murya mai taushi, "Alhamdu lillahi, ta sauka lafiya. Namiji ne!" Mai guɗa, wadda dama don wannan aikin aka ɗauko ta, ta kama hanci ta rangaɗa.

Tun ranar yake juya wannan daƙiƙar. Ta ɓangarensa duhu ne, da warin sitaci da zufa, da guɗa tana ratso yadi. Ta ɓangaren uwargida, wadda labarin ya riska a tsakar gidansu tun kafin shi ya miƙe tsaye, ƙafar ce abin magana: wai me ya sa safa mai huji a babban yatsa ya ga damar sakawa ranar da ya san gidansu zai je. Ɓangare na uku na wani yaro ne da ke kan katanga da waya, kuma shi ya fi kowanne haske, don an turo wa gogan naku shi ta WhatsApp daga abokan aiki, da 'yan ajinsu na sakandare, da wani ɗan'uwa da ke Jidda. A bidiyon ya ga abin da bai sani ba. Lokacin da yake reto, gwaggon ango ta sa hannu ta rufe idon wata 'yar yarinya, amma ita nata a buɗe tar. Ba macen da ta yi sauti, akwatunan da ke kansu ne kawai ke rawa. Ya kalli wurin ya mayar, ya kalla ya mayar. Da da kai ya fito, ai da fuska aka fara gani, a gaisa.

Baba bai yi dariya ba, aiki ne a gabansa. Yanzu da ƙafafun gogan naku suka bar wurin, ya zura kai ta taga daga kan dakali ya daɗe yana nazarin ƙasan sitiyari. Ya ɗago da fuskar mai ta'aziyya.

"Yaro, nawa ka biya?"

"Ban biya ba tukuna, Baba. Gwaji nake."

"Ka gode wa Allah. Na ga birki, na ga totur. Babu kuloci. Sun cire sun sayar. Yo ta yaya za ta tashi?"

Jama'a suka ɗauki salati. Wani ya ce dillalan zamani sai addu'a.

Wata budurwa daga cikin 'yan lefen, makullin mota na reto a yatsarta, ta sauke kit ɗin da ke kanta ta leƙa ta but. "Kawu, sannu. Giyarka a 2 take. Ka taka birki ka mayar da ita P." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta mayar da kit ka. Ita dai ba za ta shiga da leshinta ba. Baba ya ce shi ba ya jan motar da ba ta cika ba. Dole gogan naku ya tattare abin da ya rage na shaddarsa ya koma ta inda ya fito, wannan karon da kai, wato dangin ango sun sake ganin abin da suka gani ɗazu, yana komawa. Ya zauna, ya taka birki, ya tura sanda P, ya murɗa. Ta tashi tun makulli bai gama juyawa ba, lafiya lau, esi ya busa masa a fuska.

"Na faɗa muku batir ne," in ji Baba. "Ya huta."

Fita sai da ribas, madubai a naɗe, Baba a kan dakali yana ba da hannu. "Karya dama. A'a, damata. Kai, damar alƙibla!" Katanga ta karɓi sauran fentin hagu, dakali ya karɓi na dama. Dangin ango suka yi ta ja da baya da akwatunansu har bakin titi, kuma tsofaffin unguwar sun ce ba su taɓa ganin lefen da ya shiga lungun ya fita da baya ba sai wannan.

Dillali ya kunna wayarsa bayan magariba. Ya zagaya motar, ya shafa layin hagu, ya shafa na dama, ya ɗanɗana abin da ke kan kujerar baya, ya ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri." Ba a rage ko sisi ba. Ta haka aka zaɓi mota.

Ita kam ta yi. Mai kaɗan take sha, gwiwa ta lafa, a gosulon Kantin Kwari birki kawai ake saki ta matsa da kanta. Gidan surukai ne ba a koma ba tukuna. Dangin ango sun aiko a tambaya ko jaririn yana nan lafiya da kuma yaushe ne suna, Baba kuma ya aiko da saƙon cewa ya san wani a Ƙofar Ruwa da zai sa mata kuloci da araha. Duk wanda bidiyon ya iso wayarsa, don girman Allah ya goge, kada ya tura gaba.